Zaman Alhamis a Zauren Gwaggo

Daga Allah muke, Gwaggo kuma ta riga mu komawa gare Shi. Yayar mahaifina ce. Ta cika a gidanta na Karaye da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, bayan azahar aka kai ta makwancinta.

Na yi zaman makoki a cikin mata, bakina yana amsa gaisuwa, kunnena yana jin abin da ake faɗa a gefe.

"Allah ya jiƙanta, ta sha fama da mahaukata," in ji wata maƙwabciya.

Matar kawuna ta sassauta murya ta ce, "Ai shi ya sa aurenta bai yi ƙarko ba. Wane namiji zai jure wa macen da take yini cikin waɗannan mutane?"

Wata tsohuwa kuma ta matso ta tambaye ni, wai da gaske ne wanda ya daɗe da su abin yana ɗan shafarsa, don ita ta lura marigayiyar ba ta iya tauna magana ba. A waje, wajen maza, duk wanda ya ɗauko zancen aikinta sai mahaifina ya karkatar da hirar zuwa aikin hajjinta da azumin nafilarta. Liman ya yi addu'a ya yabi haƙurinta. Saura kaɗan dariya ta ƙwace mini a gidan mutuwa. Gwaggo tana da kyawawan halaye da yawa, amma haƙurin da suke nufi, na ganin abin da bai dace ba a kame baki, ko ƙanƙani ba ta da shi.

Ranar sadakar uku wani makiyayi ya zo, dogo, da sandarsa da malafarsa. Ina tsaye a zaure zan miƙa wa maza ruwa, don haka da kunnena na ji. Ya yi gaisuwa ya zauna a bakin tabarma. Mahaifina ya tambaye shi daga ina, ya ce daga Fulatan.

"Ka san marigayiyar ke nan?"

"Ban taɓa ganinta ba, Alhaji," in ji shi. "Amma ita ta cire mini mari daga ƙafa."

Sai na ga mutanen da ke kusa da shi suna ɗan jan jiki, kamar masu gyara zama. Shi ma ya gani. Bai tashi ba, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo cikin Fulatanci, ya shafa.

Wannan jan jikin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan bari a binne Gwaggo a kuma binne aikinta da ita don wasu suna jin kunyarsa ba.

Nas ce. Duk ƙuruciyarta a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na birni ta ƙare, ta kuma ƙaro karatu a kan jinyar da ake yi ta hanyar zama da mutum a saurare shi. Da ta yi ritaya ta dawo gida Karaye. A lokacin ne aka ba wasunmu ma'aikatan lafiya horo na ɗan taƙaitaccen lokaci, aka rarraba mu ƙananan asibitocin Karaye da Rogo, mu riƙa zama da masu damuwa, da masu firgita, da masu shaye-shaye, da matan da hankalinsu ya gushe bayan haihuwa. Ni Rogo aka kai ni. Aka nuna mini ɗaki da kujera da benci, aka yi mini fatan alheri, shi ke nan.

Wata Juma'a na zo gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ke duba ki?"

Na ce lafiyata ƙalau.

"Ba jikinki nake tambaya ba, 'yar ƙanena. Mutane suna zuwa suna juye miki abin da ya fi ƙarfinsu. Ke wa kike kai wa? In kin yi kuskure wa zai gaya miki?"

Na ce babu kowa.

Ranar Litinin ta yafa mayafinta ta tafi ofishin lafiya na Karaye, washegari ta hau mota ta je na Rogo. Ba roƙo ta je yi ba. Ta gaya musu cewa tura mutum ya zauna da wanda ke tunanin kashe kansa, ba tare da wani babba yana duba aikinsa ba, ganganci ne da rayuka, nasa da na majinyacin. Ta dawo da izini: duk Alhamis a sake mu mu hallara a zaurenta.

Zaman yana da dokoki. Ba a kiran sunan majinyaci, ba a faɗin garinsu. "Wani bawan Allah" ko "wata baiwar Allah," iyakarta ke nan. A kashe waya. Ita kuma tana zaune a kan buzunta da faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa, ba ta kallon mai magana. In ka ga hannunta ya tsaya, to ka faɗi wani abu da za ta bi diddiginsa.

"Kin gaya mini abin da ta ce. Me ta ƙi faɗa?"

Ko kuma, "Kada ka kawo mini wanda ya sami sauƙi don in yaba maka. Kawo mini wanda in ka hango shi a benci gabanka yake faɗuwa."

Ba ta yarda ta ga majinyatanmu. Sau da yawa mun roƙe ta, tana cewa, "Ni ba su nake dubawa ba, ku nake dubawa." In abu ya shige mata duhu kuma ba ta jin nauyin cewa ba ta sani ba. A gabanmu za ta kira wata likita a Kano, tsohuwar abokiyar aikinta, ta ce, "Likita, ga wani abu ya ɗaure mana kai."

Makiyayin nan da ya zo gaisuwa majinyacin wani abokin aikina ne, shi abokin aikin nawa mutumin Tudun Kaya ne. Na nemi izinin makiyayin kafin in rubuta wannan, ya ce in faɗa, ba sata ya yi ba. Ɓarayin shanu ne suka afka wa rugarsu, suka kore garken, suka kashe ɗansa na fari a gabansa. Bayan nan ya shiga yawo a daji yana kiran shanun da sunayensu. Ya fara shan ƙwaya don ya sami barci. Ga kuma farfaɗiya da yake da ita tun yana yaro, ta dawo da ƙarfi. Da ya kai wa yayansa duka, sai dangi suka sa masa mari suka ɗaure shi a gindin wata ƙirya. A haka ake kawo shi asibiti a bayan babur, da ƙarfen a ƙafa.

Abokin aikina ya yi ta kawo zancensa zaman Alhamis, kullum da tsari: an ba shi magani kaza, bai karɓe shi ba, an canja. Ran nan hannun Gwaggo ya tsaya a kan faifai.

"Ɗana, a ina kake zama in yana ɗakin?"

"Kusa da ƙofa, Hajiya."

"Tsoronsa kake ji?"

"A'a. Iska ce ta fi shigowa ta nan."

Ta ci gaba da ɓararta. Can sai ya sunkuyar da kai ya ce mutumin ya taɓa shaƙe shi, bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya kasa. Ya ce in gaskiya ake so, marin nan shi ma kwanciyar hankali yake ba shi.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Yanzu muka fara aiki. Tsoronka gaskiya ne, kuma za mu yi masa tanadi, ba za ka ƙara zama da shi kai kaɗai ba. Amma mutumin da ke ɗaure ba ya ba da labarin ɗansa. Ciwo uku ne a jikinsa, kai kuma ɗaya kake bi. A kai shi birni a daidaita farfaɗiyar tukuna. Ƙwaya a janye ta a hankali. Mutuwar ɗan kuwa ba ƙwayar magani ce za ta taɓa ta ba, zama ne. Kuma da wane harshe yake kuka?"

Abokin aikina ya ce da Fulatanci.

"To, ka nemo wanda zai ji shi."

Batun marin ta hana a yi shi da ƙarfi. Ta ce yayan nan ba mugu ba ne, mutum ne da ya rasa yadda zai yi. Mako bayan mako take shirya abokin aikina a kan yadda zai zauna da yayan da kuma limaminsu, me zai ce, me zai bari su faɗa da bakinsu. Ta ce kada ya hana su ruƙiyya, a yi ta, a kuma sha magani. Aka fara cire ƙarfen lokacin salla, daga baya da rana, har ranar da yayan ya ɗauko guduma ya fasa marin da hannunsa. Abin ya ɗauki damina da rani. Mutumin bai koma yadda yake da ba, ba wanda zai koma. Amma yana kiwon awaki, yana noma dawarsa, yana kwana a ɗakinsa. Abokin aikina ne ya gaya masa cewa akwai wata tsohuwa a Karaye da ke bayan duk wannan.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai abokiyar aikinmu, mai sanyin magana, da ke wani asibiti a gefen Daura ta nan wajenmu. Wata majinyaciyarta da ake ganin ta fara samun sauƙi, aka wayi gari aka tsamo gawarta daga dam. Abokiyar tamu ta kulle kanta a ɗaki ta ce ta bar aikin. Gwaggo, da ciwon gwiwarta, ta hau babur ɗin haya ta je har gidan. Ta tarar ba a ɗora tukunya ba, ta shiga madafi ta dama kunu ta ba yaran, ta sa uwar ta sha. Ta yini a can ba ta ambaci asibiti ba. Da za ta tafi ta ce, "Alhamis ina jiranki."

Ranar Alhamis ɗin kuwa ba ta rage mata komai ba. Suka bi zaman da ta yi da majinyaciyar da ta rasu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo na ƙarshe, abokiyar tamu ta ce matar ta zo da fara'a, ta yi mata godiya, har ta ce ta raba wa ƙannenta zannuwanta.

Gwaggo ta ajiye faifan gaba ɗaya. Ta ce, "Ku saurara dukanku. In mai baƙin ciki ya zo muku da sauƙi na farat ɗaya, yana rabon kayansa yana godiya, ku tambaye shi kai tsaye ko ya yanke shawarar mutuwa ne. Ku kira abin da sunansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi."

Abokiyar tamu ta fashe da kuka ta ce ita ta kashe ta ke nan.

"Ba ke kika kashe ta ba. Ba kuma zan ce miki ba abin da ya wuce ki ba, don in na yi miki ƙarya yau ba za ki ƙara yarda da ni ba. Ya wuce ki, ni ma da kika ba ni labari a wancan makon ya wuce ni. Mu biyu za mu ɗauka. Gobe akwai mata a bencinki."

Ta koma aiki. Yau a cikinmu ba wanda ya kai ta iya yin wannan tambayar.

Ni ma mun yi rigima da ita, rigima sosai. Ina da wata majinyaciya, matashiya, wadda ta rasa jariri a wajen haihuwa ta daina magana da kowa sai ni. Na ba ta lambar wayata. Na fara zuwa gidansu ranar hutu. Gwaggo ta saurare ni makonni, sannan ta ce in miƙa ta ga wani.

Na ce, "Gwaggo, ni kaɗai take yi wa magana."

"Shi ne abin da nake tsoro. Kuma ke ma kin binne jariri, ba a daɗe ba. Idan kina magana a kanta ban san wacce a cikinku nake ji ba."

Raina ya ɓaci. Na ce a gaban mutane ta tona mini ciwo, na ce don ina 'yar ƙanenta ne take yi mini abin da ba ta yi wa sauran. Ta ce, "A cikin gida ni gwaggonki ce. A zauren nan ba ni da 'ya." Na ɗauki jakata na fita. Na yi makonni ban taka gidan ba, ita ma ba ta aiko ba. Daga baya na miƙa yarinyar, a hankali, kamar yadda ta tsara, muka yi zama na haɗin gwiwa kafin in janye. Yarinyar ta sami sauƙi. Har yau ina ganin a hannuna ma da ta samu, kuma na gaya wa Gwaggo haka.

Ta ce, "Wataƙila. Ita da ta warke. Ke ce ban tabbata ba."

A nan muka bar maganar, kowa da ra'ayinsa.

Abin da zan faɗa yanzu dangina ba za su so ba. Lokacin da dangin mijina suka fara ƙorafi a kan aikina, mahaifina ya je wajen Gwaggo ya ce ta sa baki in nemi canji zuwa ɗakin awo ko rigakafi. Ina tsakar gida ina jin su.

"Yaya, aikin nan ba na mutunci ba ne. Ke kin yi, ya isa. Kada ki ja mini 'ya."

"Ba na mutunci ba," in ji Gwaggo. "Kai ba ka tuna ba, kana goye. Bayan an haife ka hankalin Inna ya gushe. A ɗakin baya aka sa ta a turu, inda ake tara ƙaiƙayi. Ni nake kai mata tuwo, ina yarinya, ina tura kwanon da ƙafa don an ce mini za ta cije ni. Ba ta taɓa cizona ba. Tambayata take ko an ba ka nono. A ɗakin nan ta mutu, aka ce wa mutane zazzaɓi ne. Ciwon da yanzu 'yarka take warkarwa a Rogo da magani da zama. Shi ne ba na mutunci ba?"

Mahaifina ya ce, "Yaya, a rufa wa matattu asiri."

"Rufin asirin ne ya kashe ta."

Ya tashi ya fita. Ba su ƙara tayar da zancen ba. Amma ni ta ce mini in ta mutu in faɗa, don a daina cewa a zuri'armu babu irin wannan. Ga shi na faɗa. Kakata ba abin kunya ba ce. Mara lafiya ce da ba ta sami mai duba ta ba. Mahaifina zai yi fushi da ni, na sani, zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, amma ba zan janye ba.

Da ciwo ya kwantar da Gwaggo, zaman bai tsaya ba, ɗakinta muka koma. Hannunta ya daina iya ɓarar gyaɗa, sai ta rufe ido tana saurare, har mu ɗauka barci ya ɗauke ta, sai mu ji tambaya ta fito. A zama na kusa da ƙarshe ta ce kada mu kuskura mu naɗa ɗaya daga cikinmu ya zama ita. "Ba ku kai ba tukuna, kuma wanda ya ɗauka ya kai shi ya fi kowa hatsari." Ta riga ta yi magana da likitar nan ta Kano, ta amince za ta riƙa zuwa duk wata, tsakani kuma mu duba junanmu, abin da ya gagara mu kira ta.

Bayan an share makoki wani jami'i daga ofishin lafiya ya zo yi mana gaisuwa. Sabon zuwa ne, bai san ta sosai ba. Ya same mu a zaure ranar Alhamis. Ya yi addu'a mai kyau, ya ce an yi rashin uwa. Sannan ya gyara murya ya ce tunda mai zaman ta tafi, daga mako mai zuwa kowa ya koma asibitinsa ranar Alhamis, ma'aikata sun yi ƙaranci, ba za a riƙa sakin mutane suna zuwa hira ba.

Ina shirin magana abokiyar aikinmu mai sanyin murya ta riga ni.

"Yallaɓai, ba hira muke yi ba. Ni na taɓa rasa majinyaciya. Ba don zaman nan ba, da na bar aikin, ko kuma in ci gaba da yinsa ina kauce wa duk wanda ciwonsa ya yi nauyi. A nan ake gyara mana kuskure kafin ya zama gawa. In an hana mu, rana ɗaya za a samu, amma mutane za a rasa."

Ya ce shi umarni ya kawo, wanda bai bi ba zai ga takardar tuhuma.

Abokin aikina na Tudun Kaya ya ce, "To, Yallaɓai, a rubuto. Allah ya huci zuciyarka, amma Alhamis muna nan."

An kuwa rubuto. Kowannenmu ya sami tasa, ana tambayar dalilin da ya sa ba a same shi a bakin aiki ba ranar Alhamis. Muka zauna a zauren, likitar Kano tana tare da mu, muka ba da amsa iri ɗaya, kowa ya sa hannu a tasa: ranar Alhamis muna bakin aiki. Har yanzu maganar tana gaban manya, ba mu san yadda za ta ƙare ba. Mu dai ba mu fasa ko mako ɗaya ba.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo gare Ka. Ta ƙi yarda a ɗaure bayinKa, Ka kwance mata duk wani ƙunci na kabari. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka haɗa ta da mahaifiyarta a inda babu ɗakin baya. Mu kuma da ta bari, Ka ba mu taurin kai irin nata. Amin.